Darasi na 14: Karkarwa a Wajen Sassaƙar Ƙarfe Mai Siririn Bango

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin injin sassaƙar ƙarfe ya san kukan nan. Aiki na tafiya lami lafiya, sassaƙe na fita yana nannaɗewa, sai ka ji wata siririyar ƙara ta taso, kafin ka kai hannu ga makunni ta cika shago har maƙwabta suna leƙowa. In ka tsayar da injin ka duba, fuskar aikin da ya kamata ta fito sumul sai ka same ta da zane-zane reras kamar ƙayar kifi, ka shafa da farce ka ji garas-garas. Wannan matsala Turawa ke kira cata. Mu a darasin nan karkarwa za mu ce mata, don abin da ke faruwa ke nan: ko wuƙar ko aikin, ɗayansu jikinsa ke ɓari sau ɗaruruwa a cikin sakan guda.

Ɓarnarta ba ta tsaya a fuskar aiki ba. Awo yana kaucewa, bakin wuƙa yana ɓantarewa, boris na inji yana gajiya tun kwanansa bai kai ba. Kuma ba yau ta fara wahalar da mutane ba. Injiniyan nan na Amurka, Frederick Taylor, ya yi shekara 26 yana gwaje-gwajen yankan ƙarfe, ya fitar da ƙa'idojin gudu da na ƙarewar wuƙa waɗanda ake koyarwa har gobe, amma a rubutunsa da aka buga a 1907 ya amsa cewa karkarwa ce ta fi kowace matsala ɗaure kai, kuma bai samo mata ƙa'ida ba. Sai da aka yi kusan shekara 50 bayansa sannan aka gano bakin zaren.

Injuna biyu za mu riƙa ambata. A injin tanin aikin ne ke juyawa, wuƙa mai baki ɗaya tana fere shi. A injin milin kuwa aikin yana ɗaure, wuƙa mai haƙora da yawa ce ke juyawa. Sandar da ke juya aiki ko wuƙa za mu kira ta mazari, tunda aikinsu ɗaya da mazarin kaɗi.

Ba kowace rawa ce karkarwa ba

Kafin a nemi magani sai an san cutar. Akwai jijjigar da wani abu ke tilasta wa inji: boris ya ci, ko bel ya saki, ko aikin ya fi nauyi ta gefe ɗaya, ko ƙafar injin ba ta zauna daidai a ƙasa ba. Irin wannan gane ta ba wuya. Ka kunna injin ba tare da wuƙa ta taɓa aiki ba, za ka ji ta. In ka ƙara gudu ita ma sai ta ƙara, ƙafa da ƙafa. Maganinta sifana da sabon boris.

Karkarwa halinta daban. Inji lafiyayye garau yana iya yin ta. Ba ta zuwa sai ana yanka, kuma da an ja wuƙa baya sai ta ɗauke ɗif. Ba ta kuma shigowa sannu-sannu: kana yanka zurfin milimita 1 shiru, ka ƙara ɗan kaɗan, sai shago ya ɗauka. Yawancin masu aiki in sun ji ta injin suke zagi, wasu har su kwance mazari a banza.

Hanya mai gargada

Ku tuna hanyar burji da rani, wadda ta yi gargada jere kamar kwanon rufi. Babu wanda ya zo da fartanya ya yi kunyoyin nan. Tayar mota ce ta haɗu da ɗan tudu, ta yi tsalle, ta dira a gaba kaɗan ta ture ƙasa. Motar da ke biye ta tarar da tudun da kwarin, ta yi nata tsallen, ta ƙara musu girma. Sawun na gaba shi ke kaɗa na baya.

Haka abin yake a bakin wuƙa. Babu wuƙa ko aikin da ba ya ɗan lanƙwasawa in an danna shi. A ce haƙori na farko ya ci karo da wani wuri mai tauri, ya ɗan yi rawa. Rawar nan za ta bar ɗan tudu da kwari a fuskar ƙarfen, wanda ido ba ya gani. Haƙorin da ke biye, ko kuma bakin wuƙar tanin in aikin ya zagayo, a kan wannan gargadar zai yi yanka. Inda akwai tudu sai ya ɗebi sassaƙe mai kauri, ƙarfin da ke ture shi ya ƙaru. Inda akwai kwari sai ya ɗebi kaɗan, ƙarfin ya ragu. Ƙarfin da ke hawa da sauka kuwa kaɗa wuƙa yake yi, ita kuma ta bar sabuwar gargada wadda ta fi ta farko. Cikin ƙiftawar ido abu ya girma. Masana biyu a Birtaniya, Tobias da Fishwick, da wasu biyu a ƙasar Cekoslobakiya ta wancan lokaci, Tlusty da Polacek, su suka bayyana wannan da lissafi tsakanin ƙarshen shekarun 1950 da farkon na 1960, kowane ɓangare yana nasa binciken daban.

Abin lura a nan shi ne yadda sabuwar gargada ke faɗawa a kan tsohuwa. In tudu ya faɗa a kan tudu, kwari a kan kwari, to kaurin sassaƙen bai canza ba ko da wuƙar tana ɗan rawa, don haka ƙarfin yanka yana nan daram, rawar kuma sai ta mutu da kanta. In kuwa suka saɓa, tudun ɗaya ya faɗa wajen kwarin ɗaya, kaurin sassaƙe sai ya riƙa hawa da sauka, wuta ta samu makamashi. Ku riƙe wannan da kyau, don duk lissafin da ke tafe a kansa ya dogara.

Akwai kuma iyaka. In faɗin yankan bai kai wani mizani ba, karkarwa ba ta tashi ko da wane gudu ake yi. Abu uku ke yanke wannan iyaka. Na farko ƙarfin tsayuwa, wato yadda abu ke ƙin lanƙwasawa. Na biyu shan rawa: ka bugi tasa, tana daɗewa tana amo, ka bugi ƙwarya, ƙwal ɗaya ta yi shiru. Ƙwarya ta fi tasa shan rawa, kamar yadda ƙarfen zubi ya fi sauran baƙin ƙarfe, shi ya sa da shi ake yin gangar jikin injuna. Na uku taurin kan abin da ake yankawa: baƙin ƙarfe yana ture wuƙa da ƙarfin da ya kai kusan ninki uku na alminiyam. In na farko da na biyu sun ƙaru, iyakar ta ɗaga. In na uku ya ƙaru, ta sauko.

Sauran kalma ɗaya. Kowane abu yana da muryarsa, wato yawan kaɗawar da yake yi a sakan guda in an ƙwanƙwasa shi an ƙyale shi. Ana auna ta da haz. Haz 500 na nufin kaɗawa 500 a sakan. Karkarwa kullum a kusa da muryar abin da ya fi rauni take tashi, wuƙa ce ko aiki.

Inda siririn bango ya bambanta

A yawancin ayyuka wuƙa ce mai rauni, aikin kuwa dunƙulen ƙarfe ne da ko gizau ba ya yi. Wuƙa kuma ba ta canzawa: muryarta da safe ita ce muryarta da yamma. Amma in ana sassaƙa bututu mai siririn jiki, ko bush, ko akwatin alminiyam mai bangon milimita 2, aikin da kansa ne mai raunin, kuma kai da hannunka kake ƙara raunana shi da kowane yanka.

Ku ɗauki rula ta ƙarfe ku danne ta a bakin tebur, ku bar santimita 10 a waje, ku danna bakinta da yatsa. Sannan ku bar santimita 20 ku sake dannawa. Mutum zai zaci laushin zai ninka biyu. Sau takwas yake ninkawa, domin tsawo sau uku yake shiga lissafin: 2 × 2 × 2. Kauri ma haka. Bangon milimita 6 in an mai da shi 3, kashi ɗaya cikin takwas na ƙarfin tsayuwarsa ya rage. In an kai shi 2, kashi ɗaya cikin 27. Ga shi kuma alminiyam, wanda aka fi yin irin wannan aiki da shi, tun asali kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin tsayuwar baƙin ƙarfe yake da shi. Shan rawa kuwa siririn bango ba shi da shi ko kaɗan. Tasa ce, ba ƙwarya ba.

Muryar ma tafiya take yi. In kaurin bango ya ragu rabi, muryarsa ta sauka rabi. In tsayinsa ya ninka biyu, ta koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kamar kalangu ne a hammatar makaɗi, yana matsa tsarkiya yana saki, murya na hawa tana sauka. Kuma ko a bango ɗaya, tsakiyarsa ta fi gefensa laushi, bakinsa na sama ya fi gindinsa. Shi ya sa za ka ga aiki ya fara lafiya daga kusurwa, ya kama kuka a tsakiya, ya sake yin shiru da ya kusa ɗaya kusurwar. Gudun da ya yi maka daidai a yankan farko ba lalle ya yi maka a na ƙarshe ba.

Masana'antar ƙera jiragen sama ce ta fi kowa shan wannan wahala, kuma ita ta fi zuba kuɗi a bincikenta. Haƙarƙarin fiffiken jirgi da ginshiƙan jikinsa a yau ba a haɗa su da ƙusa guntu-guntu kamar da. Daga dunƙulen alminiyam ko taitaniyam guda ake sassaƙo su, har sau da yawa kashi 90 cikin 100 na dunƙulen ko fiye yakan tafi a sassaƙe, a bar bangaye masu kaurin milimita 1 zuwa 2. In irin wannan aiki ya lalace a yankan ƙarshe, an yi asarar ƙarfe mai tsada da kwanaki na aikin inji. Mai shago a Panteka ta Kaduna da ke fere bututu ba jirgi yake ƙerawa ba, amma dokar da ke kan ƙarfensu ɗaya ce.

Yadda ake saninta tun ba ta zo ba

Mai sayen tukunyar ƙasa a kasuwa ba ya biya sai ya ƙwanƙwasa ya ji amonta. Injiniyoyi ma abin da suke yi ke nan, sai dai da kayan awo. Suna manna wata 'yar na'ura mai jin motsi a jikin wuƙa ko bangon aikin, su buga da 'yar guduma wadda ke auna ƙarfin bugun. Kwamfuta ta haɗa biyun ta faɗi muryar abin, da ƙarfin tsayuwarsa, da shan rawarsa. Daga nan sai ta zana taswira: gudun mazari a kwance, zurfin yanka a tsaye, da wani layi da ya raba su. Ƙasa da layin lafiya, sama da shi karkarwa. Layin ba miƙaƙƙe ba ne. Hawa da sauka yake yi kamar kunyoyin gona, kuma kunyoyin suna ƙara faɗi da tsayi in an nufi wajen gudu mai yawa. A 1995 Altintas da Budak, a Jami'ar British Columbia ta Kanada, suka fitar da hanyar lissafa wannan taswira kai tsaye ga injin milin, ita ce kuma da yawa daga manhajojin yau suka ginu a kai. Ga siririn bango sai an sake awo ko lissafi a matakai da dama na aikin, tunda muryar ba ta zama wuri ɗaya.

Taswirar nan ta zo da wani abu da ya saɓa wa al'adar masu aiki. Kowa in ya ji kuka gudu yake ragewa. Taswira ta nuna cewa a milin sau da yawa ƙara gudu ne mafita, kamar yadda direban da ya san hanyar burji yake da wani gudu da in ya kai shi motar ke daina jijjiga.

Ba sai kana da gudumar kwamfuta ba. Akwai manhajojin waya na kyauta masu nuna yawan haz na kowace ƙara. Ka tsaya nesa kaɗan da injin ka kara wayar lokacin da yake kuka, ka rubuta lambar da ta fi tashi. A ce ta nuna haz 800, wuƙarka kuma haƙora 4 gare ta. Abin da kake nema shi ne gudun da zai sa tudu ya faɗa a kan tudu, wato a samu cikakkiyar lamba ta kaɗawa tsakanin haƙori da haƙori. Ka ninka 800 da 60, ka samu kaɗawa 48,000 a minti. Ka raba da haƙora 4, ka samu 12,000. Wannan shi ne gudu na farko, juyi 12,000 a minti, inda kaɗawa ɗaya tak ke shiga tsakanin haƙora. In injinka bai kai nan ba, sai ka raba 12,000 da 2, da 3, da 4, da 5: 6,000, 4,000, 3,000, 2,400. Duk waɗannan ƙofofi ne, sai dai na sama sun fi na ƙasa faɗi. Yanzu a ce da kana aiki a 3,400. Raba 12,000 da 3,400, ka samu kusan uku da rabi. Rabin nan shi ne saɓanin da ke ciyar da kukan. Ka hau zuwa 4,000, ko ka sauka zuwa 3,000, ka saurara. In sabuwar murya ta fito, ka sake lissafi da ita.

Sai dai a siririn bango dabarar nan tana da ƙaya. In haƙoran suna bugun bangon daidai da muryarsa, tamkar mai tura lilo ne da ke turawa a kan kari kowane zuwa: lilon sai ya yi ta nisa. Karkarwa ta tafi, amma bangon yana kaɗuwa da ƙarfi, ya fito ya fi awo kauri ko siranta. Gaba kura, baya sayaki. Saboda haka a yankan ɗebe nama a yi amfani da lissafin yadda yake, a yankan gamawa kuwa a ɗan kauce wa lambar, musamman ta farko da ta biyu, a kuma rage zurfi. A ganina wanda ya dogara da lissafin gudu kaɗai a kan siririn bango bai gama fahimtar matsalar ba. Babban maganin yana wajen tsarin yankan.

Bari ƙarfen ya riƙe kansa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sassaƙe bangon gaba ɗaya daga sama har ƙasa a bar rabin milimita, sannan a dawo a ce za a yi gamawa. A lokacin bango ya riga ya zama ganye, ba abin da ke tallafe da shi. Hanyar da ta fi ita ce a sauka hawa-hawa. A ɗebe nama a hawan sama, a gama shi nan take ya kai awonsa, sannan a sauka hawa na biyu. Ta haka kullum wuƙa tana yanka ne a gindin bango, dab da dunƙulen da ba a taɓa ba, inda ƙarfin tsayuwa ya fi yawa. Abin da ya riga ya sirance yana sama, wuƙa ta wuce shi, ba ta komawa. Da ɗan gari akan ci gari: ƙarfen da za ka zubar gobe shi ne madogararka ta yau.

In bangon ta fuska biyu ake yanka shi, a riƙa musanyawa, hawa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kada a gama gefe guda a bar ɗaya. Kamfanonin ƙera wuƙaƙe suna auna tsananin aikin da tsayin bango a kan kaurinsa. Ƙasa da ninki 15 ba a cika shan wuya ba. Daga nan zuwa ninki 30 musanyawar nan ta zama dole. In ya haura 30, akan bar bangon da kauri mataki-mataki, sama siriri, ƙasa mai kauri, a riƙa cin matakan daga sama.

Akwai wata ɓarna da ke ɓoye a wannan hanya. Wuƙar milin haƙoranta dogaye ne. Yayin da bakinta ke yanka a ƙasa, saman haƙoran yana gogar bangon da aka riga aka gama, in ya ɗan kaɗu sai ya sake cinsa. Tlusty, wanda daga baya ya koma Jami'ar Florida a Amurka, shi da abokan aikinsa sun nuna maganin a shekarun 1990: a rage kaurin wuƙar daga saman inda take yanka, a bar haƙora gajeru a baki kawai. Akwai kuma wuƙaƙen da aka ƙera tazarar haƙoransu ba daidai ba da gangan, don kada bugun ya zo a kan kari ɗaya. Suna da tsada, amma suna aiki. Littattafai za su ce maka a siririn bango a yi yankan da haƙori ke shiga ta wajen kauri ya fita ta wajen siranta, wato wuƙa tana tafiya tare da turin tebur. Gaskiya ne a injin kwamfuta. A tsohon injin hannu mai lako-lako a dunƙulen tebur kuwa, wuƙar tana iya fizgar aikin ta karye, don haka a fara duba injin.

A kan injin tanin

A nan ko waya ba ka buƙata, aikin da kansa yake rubuta maka muryarsa. Ka ƙirga zanen da karkarwa ta bari a zagaye ɗaya. A ce 45 ne, injin kuma yana juyi 600 a minti, wato 10 a sakan. Sau 10 na 45 shi ne haz 450. To amma ku duba: in kana son kaɗawar ta koma 46 cif a kowane zagaye, gudun zai zama kusan 587. Tazarar juyi 13 ke nan tsakanin ƙofa da ƙofa, injin giya kuwa ba ya ba ka wannan zaɓi. Shi ya sa dabarar zaɓen gudu ba ta cika amfani a tanin ba, kuma a nan tsofaffin ma'aikata suna da gaskiya da suke rage gudu. In gudu ya yi ƙasa sosai, gargadar takan matsu kusa da juna, ƙasan bakin wuƙa ya riƙa gogar ta, gogar nan kuma ta shanye rawar. Wasu injunan kwamfuta, irin na kamfanin Haas, suna da tsarin da ke sa gudun mazari ya riƙa hawa da sauka da kansa ana cikin yanka, don kada sabuwar gargada ta samu zama a kan tsohuwa.

Sauran maganin a wuƙa yake da ɗauri. Wuƙa ta kasance mai kaifi, a daidai tsakiyar aiki, mai ɗan ƙaramin lanƙwasa a hanci wanda bai kai zurfin yankan ba. A saita bakinta ya yi kusan kusurwa 90 da tsawon aikin, don ƙarfin yanka ya bi ta tsawon bututu ya nufi cok, wato bakin injin da ke riƙe aikin, maimakon ya danna bangon ta gefe. A rage zurfin yanka, amma kada a rage turi, wato saurin tura wuƙa, har ta koma shafa. Sau da yawa ɗan ƙara turi ma shi ke kashe kukan. Sandar fere ciki kuwa a zaɓi mafi kauri da ramin zai ɗauka, domin in kaurinta ya ninka biyu ƙarfin tsayuwarta sau 16 yake ninkawa, a kuma tura ta ciki iyakar iyawa: daga milimita 100 a waje zuwa 80 kaɗai ya kusa ninka ƙarfinta biyu. Sandar baƙin ƙarfe kada ta fito fiye da ninki 4 na kaurinta. Ta kabaid, wanda ba shi ne na masu walda da nunar da ayaba ba, wani haɗi ne na tongistin mai ƙarfin tsayuwa kusan ninki uku na baƙin ƙarfe, tana kai ninki 6. Masu na'urar shan rawa a cikinsu suna kai 10.

Na taɓa tsayawa a wani shago ana fere cikin dirom na birkin babbar mota. Dirom kuwa ƙararrawa ce, wuƙa na taɓa shi ya kama kuka. Yaron shagon ya sauke gudu, kukan ya canza murya amma bai tafi ba. Ya juyo ya ce, "Maigida, ko wuƙar ce ta dakushe?" Maigidan bai ko dubi wuƙar ba. Ya kashe injin, ya ƙwanƙwasa dirom ɗin da sifana, amon ya daɗe yana yawo a shagon. Ya ce, "Ka ji mai laifin. Miƙo min tsohon tiyub ɗin can." Ya yanka robar dogo, ya naɗe bayan dirom ɗin tam sau uku, ya cusa bakin a ƙarƙashi, ya sake ƙwanƙwasawa: ƙwal, shiru. Da aka kunna, sai sassaƙe kawai kake ji yana zuba. Bai ƙara wa dirom ɗin ƙarfin tsayuwa ko kaɗan ba, tasa ya mayar ƙwarya. Injunan da aka ƙera musamman don fere birki ma da irin wannan ɗamarar roba ake sayar da su.

Bututu in ana fere bayansa, akan cika cikinsa da yashi mai laima a toshe bakin, ko a zuba kaki, ko a cusa sandar katako ko ta ƙarfe da ta cika shi daidai. Dogo kuma a tallafe shi da santa a ƙarshe ko madogara a tsakiya. A aljihunan aikin milin ma ana zuba kaki a bayan bango kafin a yanka gabansa. Akwai wani haɗin ƙarfe da ke narkewa a zafin digiri 70, wanda ruwan zafi ma ke narkarwa, ana cika aiki da shi, sai dai akwai darma da kadmiyam a cikinsa, duka biyun guba ne, ni ba na ba ɗalibi shawarar taɓa shi. Abin da na hana ɗungurungum shi ne dafa aiki da tafin hannu ko da tsumma yana juyawa. Yana kashe kukan, gaskiya ne, amma inji ba ya bambanta tsumma da yatsa. Robar ma in ba a ɗaure bakinta sosai ba bulala ce.

Aiki

Wuƙa mai haƙora 3 tana kuka a haz 900, injin kuma bai wuce juyi 5,000 a minti ba. Ku lissafa gudu biyu mafi sama da za ku gwada. Sannan ku faɗi sau nawa ƙarfin tsayuwar bango zai ragu in an fere shi daga milimita 8 zuwa 4, tsayinsa kuma ya tashi daga 15 zuwa 30.

Wanda ke da shago ko yake zuwa na wani, ya nemi guntun bututu mai siririn jiki, ya ɗaure a cok, injin a kashe, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya naɗa roba ya sake ƙwanƙwasawa. In kuma akwai wani aiki da karkarwa ta taɓa lalatawa yana yashe a ƙarƙashin benci, kada a jefar. A ƙirga zanen da ke zagayensa, a rubuta gudun da aka yanka shi da shi in ana tune, a zo mana da shi aji mako mai zuwa.